Gammon Kakan Sallau

Zazzaɓi bai san ranar baƙi ba. Tun da hantsi Sallau yake jin gaɓoɓinsa kamar an jiƙa su an shanya, amma ya daure ya tafi gonar dankalinsa da ke bakin kududdufin kuza, ya taɓa noma kaɗan, sai da fartanya ta nemi fin ƙarfin hannunsa sannan ya haƙura ya dawo gida. Bayan azahar ya shimfiɗa tabarma a rumfar tsakar gida, ya ja bargo har wuya. Ruwan damina yana ɗiga daga bakin kwanon rufi, ɗis, ɗis, cikin bokitin da matarsa Kande ta tara.

Ba ciwon jikin ne ya fi damunsa ba. Bayan la'asar yake jiran baƙi daga Bauchi. Ɗansa na fari, Jazuli, wanda saboda kunya Sallau bai taɓa kama sunansa ba sai dai ya ce "yaron nan", ya ga wata yarinya mai suna Suwaiba can inda ya yi karatu, ita ma ta gan shi. Iyayenta sun ce ba su ƙi ba, amma su a gidansu ba a ba da 'ya sai an san tushen miji. Baffanta, Alhaji Ma'azu, zai taso da kansa ya ji daga bakin uban yaro: ku mutanen ina ne?

To, abin da Sallau ya sani bai cika tafin hannu ba. Ubansa Ila ne, leburan kuza. Uban Ila kuma Mato ne, wanda ya iso nan da kaya a kansa a bayan Turawan farko, lokacin da Barikin Goje ba komai ba ne sai ciyawa da duwatsu. Sallau ya riski tsohon yana ƙarami. Yana iya tuna sanƙon tsakar kansa, da fuskarsa mai tsage-tsage barkatai, da wani dogon tabo a bayan hannunsa na dama. Daga Mato zuwa baya kuwa, duhu ne. Kuma kowa ya san yadda mutanen birni suke ja da baya in sun ji an ce "'yan bariki".

Shi ya sa ya je wurin Jatau sanƙira, mutumin da ya san kirarin kowane gida, wanda kuma in gida ba shi da kirari yakan ɗinka masa. Jatau ya ara masa salsala mai kyau: Mato ɗan Malam Buhari, ɗan Alƙali Usumanu, mutanen Katsina, masu allo da tawada. Sallau ya kwana biyu yana bitar sunayen a gona kamar mai hadda.

Kande ta fito daga madafa da kofin jiƙon darbejiya, ta tsuguna a gefensa.

"Malam, sha wannan. Har yanzu kana karatun alƙalin naka?"

"Ki bar ni, Kande."

"Na bar ka. Amma kayan aro dai ba ya rufe katara."

"In na ce ban san asalinmu ba, su tashi su kaɗe rigunansu, me zan ce wa yaron nan? Kin ga yadda ya rame."

Ta ɗaga kansa ta tura masa wani abu mai laushi a ƙarƙashi, ta koma wurin tukunyarta. Sallau ya lumshe ido. Malam Buhari, ɗan Alƙali Usumanu. Ɗis. Ɗan Alƙali. Ɗis. Bakin bokitin ya yi ta buɗewa, yana ta buɗewa, har ya haɗiye rumfar, ya haɗiye katanga, sai ga Sallau tsaye a bakin kududdufin kuza, ruwan kore shar, ko motsi ba ya yi.

Wani abu ya gangaro daga kan tudu ya tsaya a ƙafarsa. Gammo ne, irin wanda masu dako suke naɗawa su ɗora a ka kafin kaya. Tsumman ya yi baƙi da gumi, ya yi ƙyalli kamar fatar da aka jeme.

"Ɗauke ni," in ji gammon. Muryarsa a shaƙe take, kamar ta wanda ya daɗe a ƙarƙashin nauyi.

"Ni ba ni da kaya."

"To me ya karkatar maka da wuya?"

Sallau bai yi musu ba, don a gajiye yake. Ya ɗauka ya ɗora a ka, ya zauna daidai kamar an auna.

"Shiga," in ji gammon.

"Ruwan nan yana cin mutane."

"Kafin ya zama ruwa rami ne. Kafin ya zama rami tudu ne. Danginka ne suka kwashe shi da kai. Shiga, ya san ƙafarka."

Ya shiga. Ruwan bai jiƙa shi ba, sanyi kawai yake da shi, ya rufe kansa kamar labule. Da ya kai ƙasa ya ɗaga ido, sai ya ga babu sama. A madadinta jar ƙasa ce rataye, dukan ƙasar da aka taɓa haƙewa daga ramin, tana lilo a hankali, ciyawarta na kallon ƙasa. Wani tsani ya tashi daga gindin ramin zuwa can, mutane a jere suna hawa da kwanonin ƙasa a kansu. Kowa ya kai ƙarshe sai ya juye nasa sama, ƙasar ta manne, shi kuma ya sauko ya sake cikawa. Inuwar kwanonin ta rufe fuskokinsu.

"Sannunku da aiki," in ji Sallau.

Babu wanda ya amsa. Numfashinsu kawai ake ji, gaba ɗaya, kamar zugazugin maƙera.

"Mai kaya a ka ba ya juya wuya," in ji gammon. "Wuce."

Bayan tsanin akwai kasuwa. Ba hatsi a cikinta, ba dabbobi. Igiyoyi ne aka ɗaure daga rumfa zuwa rumfa, an rataye tsofaffi a kansu ta wuyan riga kamar kayan gwanjo. Wasu da rawani, wasu da takobi, wasu da gafaka a hammata, duk suna gyangyaɗi, iska na kaɗa ƙafafunsu. Dillalin ya taho yana tafa hannu, da muryar Jatau sanƙira a bakinsa, sai dai haƙoransa duk na goro ne.

"Kakanni, kakanni! Ga na Gobir mai zafin rai, ga na Borno mai tsawon zamani! Malam, wane iri kake so? Na ɗaurin aure ko na neman sarauta?"

"Na ɗaurin aure," in ji Sallau a hankali, yana waige-waige.

"Ka zo gidan sauƙi. Ga alƙali, ko sau ɗaya ba a wanke shi ba."

Ya sauko da wani tsoho mai farin gemu da rawani mai kunne biyu, ya kakkaɓe shi, ya ɗora wa Sallau a kan gammo. Sallau ya ƙanƙame wuya yana jiran nauyi, sai ya ji shiru. Ko kwandon da ba komai ya fi shi nauyi.

Alƙalin ya buɗe ido ɗaya ya leƙo ƙasa.

"Wane ne wannan mai warin taki?"

"Jikanka ne, Allah ya gafarta Malam."

"Jikana? Karanto mini abin da ke allona."

Sallau ya dubi allon, ya kasa karanta ko layi ɗaya.

"Kullum haka," in ji alƙalin, ya yi hamma. "Jiya wani mahauci ne ya ɗauke ni. Na gaji da jikoki. Tafi da ni a hankali, kada ka tashe ni."

Suka fita daga kasuwar. Hanya ta gangara zuwa wani rafi mai ruwan kunun kanwa. A tsakiyar rafin wata tsohuwa ce tsaye, ruwa har gwiwarta, tana wankin kuza da ƙwarya. Haka matan Barikin Goje suke yi tun Sallau yana yaro: a ɗebi ƙasa a ƙwarya, a yi ta juyawa cikin ruwa, yashi mara nauyi ya bi ruwa ya tafi, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta a gindi. Ƙafafun tsohuwar sun yi saiwa a cikin laka, gashinta fari kamar kumfa.

"Sannu, Iya."

"Yauwa, ɗan nan. Sauke. Ba a haye rafin nan da abin da ba a wanke ba."

"Iya, alƙali ne fa."

"Na wanke sarakuna ma."

Ta miƙa hannu ta ɗauke tsohon da yatsu biyu, ta sa shi a ƙwarya, ya shige kamar an yi ƙwaryar dominsa. Ta tsoma a ruwa ta fara juyawa. Rawanin ya warware ya zama yashi. Gemun ya bi. Malam Buhari ya taso daga ƙarƙashi kamar kumfa ya fashe. Katsina da ganuwarta suka zagaya bakin ƙwaryar suka zube. Alƙalin bai ko farka ba, sai dai Sallau ya ji kamar ya yi ajiyar zuciya ta wanda aka sallama daga aiki.

Ta karkato masa ƙwaryar. Wayam.

"Ka gani? Ko na shan taba babu. Miƙo abin da ke kanka."

Ta karɓi gammon ta matse shi a ƙwarya. Baƙin ruwa ya fito, mai warin gumi da hayaƙi. Ta juya, ta juya, ta tsiyaye. A gindin ƙwaryar wasu 'yan ƙwayoyi baƙaƙe suka kwanta suna ƙyalli, ba su fi a ɗebe su da yatsu uku ba.

"Wannan naka ne. Buɗe hannu."

"Iya, ɗan wannan zan kai wa mutanen Bauchi?"

"Buɗe dai."

Ta zuba masa a tafin hannun dama. Nan take hannun ya yi ƙasa kamar an ɗaura masa dutsen niƙa, kafaɗarsa ta bi, ya yi taga-taga. Tsohuwar ta mayar masa da gammon a ka, ta koma ga wankinta, kamar ba ta taɓa ganinsa ba. Nauyin ya ja shi ya haye rafin, ya ja shi kan hanya, shi kuwa yana biye da hannunsa kamar akuyar da aka ja zuwa kasuwa.

Hanyar ta fara da kwalta. Kwaltar ta ɓare ta zama titin jirgin ƙasa. Ƙarafan suka nutse cikin ciyawa, sai 'yar turba ta ƙafa. Gidajen kwano suka durƙusa suka zama bukkoki, bukkokin suka kwanta suka zama ciyawa. Rana ta fito daga yamma tana komawa gabas, a gajiye, kamar mai neman abin da ta yar.

Can ya hango ayari. Masu dako ne a jere, da akwatunan ƙarfe a kansu, da diga da shebur a ɗaure, wani ma da bahon wanka. A tsakiya mutum huɗu suna ɗauke da wani Bature a cikin shimfiɗar lilo. Ba a ganin komai nasa sai farar malafa mai tauri da takalma, tsakaninsu kuwa kamar babu kowa. Dukan ayarin da baya da baya suke tafiya.

A ƙarshen layi akwai wani saurayi siriri, ƙafafunsa duk faso, akwatin kansa ya fi na kowa girma. Babu gammo tsakanin akwatin da kansa, gashin wurin har ya cinye. Da suka zo daidai, saurayin ya juyo da ido kawai, ya yi murmushi da bakin tsoho.

"Kai, Sallau mai kunnen jemage! Har yanzu kana fitsarin kwance?"

Sallau ya tsaya cak. Shi mai furfura, wannan ko gemu bai fara ba, amma babu wanda yake kiransa haka a duniya sai mutum ɗaya.

"Kaka?"

"Wa kake zato, alƙali? Na gan ka a kasuwa, ja'iri, kana taya wani tsoho. Ashe ka yi mini kishiya ban sani ba."

"Kaka, ba don raini ba ne. Auren yaron nan ne."

"Na sani. Ba ni gammona, ɓarawo, kaina ya ƙone."

Gammon ya tashi da kansa daga kan Sallau ya shige ƙarƙashin akwatin. Mato ya lumshe ido kamar wanda aka zuba wa ruwan sanyi.

"Biyo ni. Tunda tambaya ta kawo ka, mu je ka ga iyakar abin."

Suka bar ayarin. Mato yana gaba yana tafiya da baya, fuskarsa na kallon jikansa, don haka Sallau ya sami damar duban tsagen da ya ji tsoro yana yaro. A kuncin dama dogayen zane ne masu kyau, a jere, aikin wanzamin da ya natsu. A kuncin hagu an bi ta kan irin waɗannan da wasu gajeru, a karkace, kamar an soke rubutu.

"Ka ƙura mini ido. Karanta mana."

"Ban iya ba, Kaka."

"Wanzamai ma sun kasa. Na dama, na gidanmu ne. Na hagu, na gidan da aka kai ni ne. Mutumin da ya saye ni ya ce a gyara fuskar ta dace da garkensa."

Bauta. Abin da Sallau yake tsoro ke nan tun yana saurayi, abin da ake faɗa ƙasa-ƙasa a bakin rijiya in an yi faɗa da gidansu.

"Ashe gaskiya ne."

"Gaskiya ne. Ka ga na faɗa, sama ba ta faɗo ba. Da aka ce Nasara suna neman masu ɗaukar kaya, kuma wanda ya bi su ba a komar da shi, sai na sa kaina a ƙarƙashin akwatin nan na bi. Ba don ina son su ba. Bulalarsu ma bulala ce. Amma hanyarsu ta yi nesa da inda na fito, ni kuwa nesa nake nema."

Turbar ta yi ta sirancewa har ta tsefe kamar bakin igiya, zare-zare, kowane ya nufi nasa wajen ya ɓace cikin hayaƙi. Mato ya tsaya. A cikin hayaƙin akwai wata tsamiya, rassanta a ƙasa, saiwoyinta a sama suna laluben abin kamawa. Daga bayanta ana jin ƙarar dutsen niƙa, gurr, gurr, da muryar mace tana waƙa. Sautin yana zuwa, kalmomin ba sa isowa.

"Nan ne?" in ji Sallau.

"Nan ne."

"Yaya sunan garin?"

"An ƙone shi kafin in iya faɗin sunansa."

"Ita fa mai waƙar?"

"Inna."

"Sunanta nake nufi, Kaka."

"Yaro yana sanin sunan uwarsa? Inna ce."

Sallau ya taka zai shiga hayaƙin, ko ya ga fuskarta, ko ya tsinci kalma ɗaya ya kai wa Alhaji Ma'azu. Kowane zaren hanya ya taka sai ya tsinke. Ya gwada wannan, ya gwada wancan, har numfashinsa ya ƙare. Ya zauna a ƙasa dirshan, hannunsa mai nauyi a kan cinya.

"Na gaji, Kaka."

"Kai da ka zo yau? Ni shekara nawa na yi ina zuwa nan ina komawa. Tashi, akwai saura."

Hayaƙin ya yi kauri, ya koma hayaƙin itacen girki. Sai ga su a ƙofar wata bukka a gindin dutse, da sassafe, an yanka ɗan akuya, mutane kaɗan zaune a kan buhuna. Sallau ya gane dutsen, shi ne wanda yake bayan masallacin Barikin Goje har yau. Ranar suna ce. Wani wanzami ya baje zabirarsa, ya ɗora jariri a cinya, ya aske masa kai tas. Mato yana tsaye a kansu, yanzu da gemu, amma akwatin yana nan a kansa, ba wanda ya kula.

"Ubanka ke nan, Ila," ya ce da Sallau. "Dubi bakinsa, tun yana tsumma mafaɗaci ne."

Wanzamin ya wasa aska a tafin hannu ya ɗaga kai.

"Maigida, wace tsaga za a yi masa? Ta dama ko ta hagu?"

"Bari tukuna."

"Ba a barin yaro haka fuska fili kamar ƙwarya. In ya ɓata, wa zai san na wane ne? In ya girma, wa zai ba shi mata? Bari in yi masa ta hagu, ta garin nan da ka fito, ita aka fi sani."

Ya sunkuya da askar. Mato ya kifa hannunsa a kan fuskar jaririn. Askar ta riga ta taho, ta bi bayan hannun tun daga gindin yatsa har wuyan hannu. Jini ya zubo ta tsakanin yatsu ya ɗiga a ƙasa, ɗis, ɗis, ko ɗigo bai taɓa yaron ba.

"Subhanallahi! Maigida, ka haukace?"

"Ka yi aikinka, wanzami, ga tsagar nan ka yi. Ta ishe mu har jikoki."

Mutanen suka narke, bukkar ta narke. Saura dutsen, da Mato, da Sallau yana shafa kuncinsa, sumul, yadda na ubansa yake, yadda na yaron nan yake. Shi duk zatonsa talauci ne ya hana a kira wanzami ya yi musu ado irin na mutane.

"Ta dama ban san ta wane gari ba ce, balle in ba shi," in ji Mato. "Ta hagu kuwa ba zan sa wa ɗana shaidar garken wani ba. Na ce a bar fuskar, su rubuta abin da suka ga dama da halinsu. Ban san za ku je kuna aron ta wasu ba."

Sallau ya buɗe hannunsa, baƙaƙen ƙwayoyin suna nan, sun huda fata sun zauna.

Yanzu Mato ya tsufa sosai, ya koma yadda Sallau ya san shi, ƙafafunsa na rawa, wuyansa ya nutse cikin kafaɗu. Akwatin ya ƙara girma har ya tare rana.

"Kaka, me ya sa ba ka sauke ba? Ai ka iso tuntuni."

"Kai ɗan gidan masu dako ne ko ɗan gidan alƙali? Ka taɓa ganin mai babban kaya ya sauke shi kaɗai? Wuyansa zai karye. Sai ya tsaya a ƙofar gida ya jira wani nasa ya fito ya ce sannu da zuwa, ya kama masa. Ubanka ya yi shiru da ni don kada a yi muku gori. Kai ma ka yi shiru. Ina tsaye a ƙofar zaurenku, kuna wuce ni kuna shiga da fita."

"Me ke cikin akwatin?"

"Da na Nasara ne. Ya daɗe da kwashe nasa ya tafi. Yanzu ban san me ke ciki ba, nauyi dai yana nan." Ya ɗan rusuna, gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar busasshen kara. "Sallau. Kama mini."

Sallau ya miƙe. Hannunsa na dama ya ƙi ɗaguwa. Ya tallafe shi da na hagu, ya ɗaga, ya ɗaga, yatsunsa suka taɓa sanyin ƙarfen akwatin, ya ji nauyin ya fara gangarowa cikin hannuwansa, cikin ƙirjinsa...

"Malam! Malam, tashi! Baƙi sun iso, suna zaure."

Ya zabura. Kande ce a kansa. Rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, zazzaɓin ya sauka. Hannunsa na dama ya mutu saboda ya kwanta a kansa, ya buɗe shi da ƙyar, ba komai a ciki sai shatin tabarma. Ya waiwaya inda kansa yake. Tsohon zanen Kande ne, ta naɗe shi ta yi masa matashi, naɗin ya zagaye da rami a tsakiya.

"Wa ya ce ki naɗe shi haka?"

"Haka hannuna ya saba. Ka yi ta surutu cikin barci. Maza ka wanke fuska, har sun yi la'asar a masallaci."

Ya yi alwala ya yi sallah a gurguje, ya sa babbar rigarsa ta Juma'a. A bakin ƙofar zaure ta ciki ya tarar da Jazuli a raɓe jikin bango, yayyafi na sauka a kafaɗarsa, ya kasa shiga ya kasa tafiya. Suka haɗa ido, yaron ya sunkuyar da kai. Sallau ya dubi kuncinsa, sumul, ya wuce.

Alhaji Ma'azu dattijo ne mai cikar jiki, da zane uku masu kyau a kowane kunci, tare da ƙaninsa. Suka cika tabarmar zauren da rigunansu. Aka gaisa, aka tambayi hanya, aka tambayi damina, aka tambayi jiki. Aka kawo ruwa da fura suka taɓa. Sannan Alhaji ya ajiye ludayi, ya gyara murya.

"To, Malam Sallau, yaronka mun gan shi, ba mu ga abin ƙi ba. Amma ka san aure ba na mutum biyu ba ne. Na duba fuskarka ban iya karanta komai ba. Ku mutanen ina ne?"

Sunayen Jatau suka taso suka yi layi a kan harshensa, Malam Buhari a gaba, alƙali a baya, ba nauyi, ko tari ya yi za su fito. Daga tsakar gida yana jin bokitin Kande, ɗis, ɗis. A bayan ƙofa yana jin numfashin yaron nan.

Ya dubi ƙofar zaure ta waje. Ba kowa, sai yayyafi, da dutsen bayan masallaci can nesa.

Sallau ya cire hularsa ya ajiye a kan gwiwa.

"Alhaji, zan faɗa maka, in ka ji ka yi hukuncin da ka ga dama. Amma don Allah ka ɗan matsa kaɗan tukuna. Akwai wani tsoho da ya daɗe a tsaye a ƙofar nan da kaya a kansa."

Alhaji Ma'azu ya dubi ƙaninsa, ya dubi ƙofar, ya dubi wannan mutum mai jajayen idon zazzaɓi. Sannan dattijon ya tattara gefen rigarsa, ya matsa, ya bar fili a kan tabarma.

"Sunansa Mato," in ji Sallau.